Adaftar Wankan Jego

Hajiya Azumi, makitsiyar nan ta Tudun Wadan Zariya, ita ce 'yarta ta fari ta haihu a ƙasar waje, aka ce ta shirya ta je wankan jego. Sunan 'yar Sa'ade, amma fa ni na faɗa. Hajiya shekara ashirin da tara ke nan bakinta bai taɓa furta sunan ba, sai dai "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari kowa na yi, amma ta Hajiya ta wuce misali. Ranar da ƙanenta Malam Iro ya zo yana yi mata bayanin tafiyar, yana kawowa kan sunan ƙasar sai ta miƙe zumbur, wai ta ji kamar miya na ƙauri, don kada a ce ta damu. Alhali kwana uku ta yi tana shiga ɗaki tana kukan murna a ɓoye. Fasfo da tikiti suna hannun Malam Iro. Ita dai abin da ta riƙe shi ne Turai za ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, ruwan zafi. An gaya mata a can babu murhu, babu itace, wanda ya hura wuta a tsakar gida ma 'yan sanda ne za su zo masa barka. Hajiya ta ce a ranta, in dai tana numfashi 'yarta ba za ta yi arba'in da ɗanyen jiki ba. Ta jawo hitarta daga ƙarƙashin gado, irin wadda ake tsomawa a bokiti, ta naɗe ta a tsohon ɗankwali. Ana nan sai wata malamar makaranta da ta zo kitso ta ce mata soket ɗin ƙasashen waje ba irin namu ba ne, in ba ta sayi adafta ba hitar sai dai ta zama abin ado. Ko ƙarasa kalabar ba ta yi da kyau ba, ta yafa mayafi sai kasuwar Sabon Gari.

Ta tarar da Sallau mai kayan wuta a shagonsa, ya zauna ƙarƙashin fanka yana fifita da kwali.

"Ɗan nan, adafta nake so, ta Turai."

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wace ƙasa?"

"Na ce maka Turai."

"Ai Turan da yawa, Hajiya. Kamar ki shiga tasha ne ki ce a kai ki Kudu."

Da ya ga ba ta da niyyar ƙarin bayani, sai ya zazzago kaya a kan tebur ya shiga jerawa. Ya ce wannan mai zagayayyun ƙafa biyu na su Jamus da Faransa ne, wannan mai ƙafa biyu masu faɗi na Amurka, wannan kuma mai karkatattun ƙafafu na Ostareliya.

Hajiya ta ɗauki na Jamus ta juya shi. "Ina ƙafarsa ta uku?"

"Haka aka yi shi."

"Allah sarki, bawan Allah." Ta ajiye shi a hankali, ta ɗauki na Ostareliya. "Wannan ai gwame gare shi. Su mutanen ƙasar haka suke tafiya? Wai ni wuta ba ɗaya ba ce? Me ya hana su haɗu su huda rami iri ɗaya kowa ya huta?"

"Wallahi ba su yi shawara da ni ba, Hajiya."

Sai ya buɗe wani ƙaramin kwali ya fito da wata dunƙulalliyar aba mai maɓallai a gefe. In ya tura nan ƙafa biyu su leƙo, in ya tura can uku su fito, waɗancan su koma ciki kamar kunkuru.

"To ga komai-da-ruwanka. Wannan ƙasa ɗari da hamsin yake shiga, babu bangon da ke ƙinsa."

Hajiya ta ja da baya ta gyara mayafi. "Abin da ke shiga gida ɗari da hamsin zan kai ɗakin mai jego? Na san irinsu. A layinmu ma akwai guda, aure uku ta kashe bara. Mayar da shi kwalinsa. Kai, tunda abin ya zama haka, ba ni soket irin namu in tafi da shi in manna musu a bango."

"Da waya daga Zariya, Hajiya?"

Ta ɗaga ido sama, da alama tana auna tsawon wayar. Sallau ya ga in bai yi da gaske ba a nan za su wuni, sai ya gyara zama ya ce, "Hajiya, dole fa mu san ƙasar. Ita adafta baki kawai take canzawa, ba ta ƙara wa wuta ƙarfi. In Amurka ce, wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba. Hitar taki za ta shiga, amma ruwan sai dai ya yi ɗumi."

Ɗumi! Ruwan ɗumi ga mai jego, ai gara a ce ba a yi ba. Ta tuna ranar da aka kai yarinyar nan filin jirgi, ta ƙi rakiya don kunya, ta koma ɗaki ta rungumi filonta. Yanzu kuma kunyar za ta sa a yi wa 'yarta wanka da ruwan alwala. Ta ciro wayarta daga lalita ta tura masa a kan tebur, ta kau da kai.

"Duba ka gani, ko akwai wanda zai sani."

Sallau ya duba sunaye. Ga "Wance", ga kuma "Mijin Wance". Ya zaɓi na biyun, ya danna kiran bidiyo. Fuskar surukin, Malam Habibu, na bayyana, Hajiya ta juya baya a tsakiyar shago ta ja mayafi har hanci, tana kallon kwan fitilu kamar su ta zo saye.

Aka gaisa. Malam Habibu ya ce a gaida Hajiya. Hajiya ta ce wa bango, "Ka ce ana amsawa."

"Yallaɓai, soket ɗinku muke so mu gani," in ji Sallau.

Malam Habibu ya durƙusa ya haska bango. Daidai nan jariri ya tsala kuka a bayansa. Hajiya ta ɗan ɗaga gefen mayafi ta leƙa da ido ɗaya, ta ga ɗan jan ƙafa a cikin tawul, ta yi maza ta sake rufewa. Hawayen dai ba su tsaya neman izini ba.

"Ka ce a rufe masa kai," ta faɗa wa bango. "Ba don komai ba."

Sallau ya ƙura wa hoton ido, ya ga ramuka uku masu kusurwa, ɗaya sama biyu ƙasa. Ya tambayi sunan ƙasar, ya yi godiya, ya kashe wayar. Ya dubi kayan da ya baje a tebur kamar mai sallama da su.

"Hajiya, Ingila ce ashe. Tsakani da Allah ba kya bukatar adafta. Soket ɗinsu irin namu ne sak, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya. Kawo hitar in duba miki kanta."

Hajiya ta ji daɗi har ta manta da hawaye. Ta kwance ɗankwalin ta fito da hita tana ƙyalli, kai ka ce jiya aka sauke ta daga mota. Sallau ya bi wayar da hannu har ƙarshe, sai ya ga babu kai. Jajayen wayoyi biyu ne tsirara.

"Ina kan, Hajiya?"

"Na datse shi da almakashi tun ranar da na saya, ya ƙi shiga bangona." Ta zaro tsinken kitsonta na ƙarfe daga cikin gashi ta ɗaga. "Ga kan nan. Da shi nake buɗe ramin, in cusa wayoyin, in danne da shi kada su fito. In guda bai riƙe ba in ƙara da bayan cokali."

Kwalin fifitar ya tsaya a hannun Sallau. "Hajiya, don girman Allah bari in sa miki sabon kai. Kyauta. Kada ki yi wannan a can. An kira ki suna ne, kada a koma zaman makoki."

Ran Hajiya ya ɓaci. "Kai yaro, shekara goma sha ɗaya ina yin haka, wani lokaci ma da jiƙaƙƙen hannu. Ko sau ɗaya bai taɓa ja na ba. Dubi hitar, ko dusashewa ba ta yi ba. Kuma kai da bakinka yanzu ka ce nasu irin namu ne sak."

Sallau ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke tsaye cik a samansa, ya ci gaba da fifita.

"Sak, Hajiya. Sai dai nasu akwai wuta a ciki."