Takwaran Suruki

Wani ne yake aiki a ɗakin bincike. Aikinsa ya niƙa dutse, ya wanke garin, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, ya ɗauki hoto. Sai manhajar kwamfuta ta ƙirga masa ɓawon 'yan mitsi-mitsin halittun da suka mutu tun zamanin da, suka daskare cikin dutsen. Surukinsa kuwa bai ɗauke shi a bakin komai ba, kullum ce masa yake mai wankin yashi.

Rannan manhaja ta zagaye wani ɗigo a kusurwar hoto, ta ce ba ta san shi ba. Ya canza dutse, ga shi nan. Ya ɗauko na ƙasan teku, ga shi nan, a kusurwar dai, ko juyi bai yi ba.

Abokin aikinsa ya ce, "Anya? Kullum wuri ɗaya?"

Ya ce, "Halitta ce mai natsuwa. Hassada ce ke damunka."

Gogan naka bai tsaya wata-wata ba, ya raɗa wa sabuwar halitta sunan surukinsa, ya buga masa waya. "Baba, na yi maka takwara. Shekararsa miliyan sittin."

Ranar Litinin sai ga suruki da babbar riga, da aminansa biyu, an zo ganin takwara. Aka ba su kujeru. Mutumin ya kunna kwamfuta, ya ɗauki hoto. Wayam. Ya sake, wayam. Gumi ya keto masa har cikin safa.

Suruki ya ce, "Ina yake? Ko ya fita ne?"

Suna cikin haka mai shara ta leƙo da tsumma a hannu. Ta ce, "Wai ɗigon nan na gilashin kyamara kake nema, ɗan nan? Ai kashin ƙuda ne. Wata uku yana tsone min ido, yau na goge."

Aminan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Suruki ya miƙe a hankali, ya gyara hula.

Ya ce, "Wato duk cikin halittun Allah, kashin ƙuda ka samu ka sa wa sunana?"

Mutumin ya ce, "Haba Baba, kar ka raina shi. Sau ɗari huɗu kwamfuta ta duba, ba ta ga irinka ba."