Direban Tirela Ya Zo Sayen Fitilar Goshi

"Lafiya lau, ya hanya? Shigo a karkace, kar ka tafi min da ƙofa."

"Wannan akurkin kike kira shago? Ina mai wurin? Au, ashe kina nan. Kanta ce ta rufe ki."

Ni gyaran waya nake yi a kusurwar shagon, ita kuma tana sayar da kayan lantarki, don haka na saba da su. Ubanta da uwarsa wa da ƙanwa ne, taubasai ke nan, kuma ban taɓa jin ɗaya ya faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba. Shi direban tirela ne. Tana ce masa Randa saboda tumbi, yana ce mata Guntuwa. Ran nan da ɗingishi ya shigo, ga filasta a tafin hannu. Ban ɗaga kai daga aikina ba, amma kunne ba shi da marfi.

"Fitilar goshi nake so," in ji shi, "mai caji. Wani abokina ne ya aiko ni."

"Allah sarki. Abokin nan naka, shi ne ya faɗa kwata shekaranjiya da asuba, yana gudu da tocilar waya a hannu?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kwatar ce ta kawo ƙara. Ta ce tun da aka gina ta ba ta ga masifa irin wannan ba."

"Matata ce, ko? Bakinta ba ya riƙe ko ruwa."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi gaskiya a ba ka magani."

Ya ja kujera ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Ashe likitan kamfaninsu ne ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Za a sake gwaji bayan ɗan lokaci, in bai sauka ba, sai ya sauka daga sitiyari. Ga 'ya'ya a makaranta, ga tsohuwa a gida, kuma ban da tuƙi bai iya komai ba. Shi ne ya fara gudu, amma da duhun asuba, don kar yaran mota su gan shi yana haki.

"Tsoro nake ji, Guntuwa," ya ce. "Ban ɓoye miki ba."

"Tsoron me? Ko sun kore ka ai ba ka rasa sana'a ba. A tsayar da kai bakin masallaci a riƙa zuba ruwan alwala."

"Allah ya isa. Miƙo min waccan."

Ya nuna wata ƙatuwa a saman kanta, mai ido uku, batirinta kamar sandar sabulu.

"Wannan ta masu aiki a cikin rami ce."

"Ita nake so. Ni mutum ne mai son dogon haske. In na kunna, wanda ke tahowa ya san babba ne a hanya."

"To bismilla. Cire hular."

"Hular me ta yi miki?"

"Cire mana. Ko kuwa bar ta, in sanƙon nan ya fito babu mai sayen fitila a unguwar nan."

Ya cire hular, ta ɗaura masa fitilar, ta ce ya yi gudu a tsaye. Ya fara. Shagon ya ɗauki rawa, sukurorina suka gangara ƙasa. Taku kaɗan fitilar ta zamo ta doke shi a karan hanci.

"Robar ce ba ta da kyau," ya ce yana shafa wurin.

"Nauyi ne. Kai da aka ce ka rage kaya, shi ne za ka ƙara lodi a goshi?"

Ta ciro wata 'yar ƙarama, ta ce ba ta da nauyi, gumi da yayyafi ba sa shigarta, cajin wayarsa ma zai yi mata, kuma in ya bar ta a matsakaicin haske za ta kai shi kwanaki. A bayan robar akwai wani ɗan jan ido mai ƙiftawa.

"Wannan kuma fa?"

"Danja."

"Danja a ƙeyata? Ni akori-kura ce? Salon duk direban da ya wuce ya ce ga oga can an maƙala masa wuta a baya. A cire."

"Ba a cirewa. Girman kai rawanin tsiya."

"Ni gabana nake so in gani. Bayana ina ruwan wani?"

"To in tambaye ka. Kai da kake fita da tirela da asuba, masu gudun nan na gefen titi, daga ina kake hango su?"

"Waɗancan? Ai ba a ganinsu sai an zo kansu. Kullum sai na leƙo na zage su. Mutum ya sa baƙar riga cikin duhu, ya ba mota baya, kamar yana da rai biyu a..."

Ya tsaya. Ya dubi filastar hannunsa.

"Wace irin riga kake sawa?" ta ce.

"Baƙa. Don kar a gane ni."

"Wanzami ba ya son jarfa."

Ya daɗe yana juya fitilar a hannu, yana kunna jan idon yana kashewa. Can ya sa hannu a aljihu.

"Mayar da hannunka," ta ce, ta jefa masa wayar cajin a cinya.

"Kyauta? Ke? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ba don kai ba ne. In suka ƙwace sitiyarin nan, gidan kawunka za ka tare, mu kuma tukunyarmu ƙarama ce. Gara asarar fitila da asarar rumbu."

Ya yi dariya har da tari. "Na sallama, Guntuwa. Yau kin yi tsawo."

Ya mayar da hularsa, ya nufi ƙofa a karkace. Har ya sa ƙafa waje ta kira shi.

"Randa. Ka riƙa kunna ta bayan."

Wannan karon bai rama ba. Ya ce, "To."