Sallau da Kunnen Iya

In ana maganar mutumin da ba ya ƙetare umarni, to a ƙauyen Kwarin Ɗinya Sallau ake nufi. Ka ce masa ya tsaya nan, ko ruwan sama ya tsuge, nan za ka dawo ka same shi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Laure mai saurin hawa da saurin sauka, da mahaifiyarsa Iya Dudu. Yayansa Ɗalhatu yana aiki a Fatakwal, shi ne ya sa musu sola ya kuma kafa musu talabijin a falo.

Iya kuwa kunne ya yi nauyi. Akwai bidiyon bikin Sallau, inda marigayi Malam, mijinta, yake yi wa baƙi godiya. Kullum sai ta sa an kunna mata, ta zauna kan tabarmarta ta ƙura wa bakinsa ido, leɓe na motsi, ita ba ta jin komai. Ranar da ta ce, "Kashe, Sallau, na fara manta muryarsa," ta tashi ta shige ɗaki, ranar Sallau ko tuwo bai iya haɗiya ba. Ya rantse sai Iya ta sake jin muryar Malam, ko da takalminsa zai ƙare a hanyar birni.

Wata rana ya kira Ɗalhatu a waya ya faɗa masa. Ɗalhatu ya ce, "Abu mai sauƙi. Ka je birni shagon Mansiru ka zaɓo doguwar sipikar nan da ake sawa ƙarƙashin talabijin, mai cika ɗaki da sauti ta ko'ina kamar gidan sinima. Amma ka fara auna faɗin talabijin, ka riƙe awon da kyau, kada sipikar ta fi ta tsawo." Sallau ya ce, "An gama, Yaya." Ya ware hannuwa, ɗaya a wannan gefen talabijin, ɗaya a wancan, ya juya ya fita a haka. A karkace ya bi ta ƙofa. Liman ya miƙa masa hannu a hanya, ya ce, "Gafarta Malam, a yi mini uzuri, ina riƙe da awo." A mota kuwa, hannu ɗaya a waje ta taga, ɗaya a kan hancin wani bawan Allah da ya yi ta tsaki har birni. Kafin su isa kafaɗa ta gaji, hannuwa sun yi ta buɗewa bai sani ba. Mansiru ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, wannan ai awon ƙofar gareji ne." Sallau ya ce shi dai bai saki ba. Ya koma gida ba sipika, Laure ta kwana biyu tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi tana mita.

Wata rana ya sake komawa, wannan karon da igiyar da Laure ta auna ta ƙulla masa. Mansiru ya kunna masa sipika iri-iri, sannan ya ce, "Gaskiya, yadda kake ji a shago daban, a gida daban. Labule da darduma da kujeru duk suna sauya sauti. Sai a ɗaki irin naka za ka san ainihin muryarta." Sallau ya gyaɗa kai, ya fita. Washegari sai ga a-kori-kura a ƙofar shago, maƙil da kujerun falo, da darduma, da labule har da sandarsa. Kafin Mansiru ya rufe baki, gogan naka ya shimfiɗa darduma yana neman inda zai buga ƙusa.

"Kai, lafiya? Tashi aka yi muku?"

"Kai ka ce sai a ɗaki irin nawa."

Laure ta dawo daga gidan suna ta tarar da falo fayau, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihun ɓarayi, maƙwabta suka fito da sanduna. Da ta ji gaskiyar magana, cewa ta yi da ma ɓarayin ne, da ta san inda za ta kai ƙara. Sallau kuwa ya ce kaya ba za su dawo ba sai da sipika.

Wata rana Mansiru, wanda yanzu ya saba har yakan yi barcin rana a kujerar Laure, ya jona masa wata babba mai akwatin gurnani da ƙananan sipiku biyu na baya. Ya ce, "Zauna nan. Rufe ido, kada ka buɗe sai na ce. In ka ji kamar abin a bayanka yake, to ka sami mai kyau." Ya sa fim ɗin tseren motoci, sai wani mai saye ya ja shi waje. Can Sallau ya ji tirela ta taho ta bayan ƙeyarsa da hon. Innalillahi! Ya zabura ya yi waje da gudu, ido a rufe gam, tunda ba a ce ya buɗe ba. Ya bi ta kan tiren mai awara, ya rungumi buhun barkonon wani, ya zauna daɓas a kwata yana atishawa.

"Mansiru! In buɗe?"

"Buɗe, don girman Allah!"

Ya buɗe, ya ce, "Mai kyau ce. Amma in tirela ta biyo Iya har falo, wa zai ɗauke ta?" Bai saya ba.

Wata rana haƙurin Ɗalhatu ya ƙare. Ya kira yana faɗa: "Sallau, ka ishe ni! Ba don kunnenka ake sayen abin nan ba. Wadda kunnen Iya zai ɗauka, ita za ka sayo, shi ke nan!" Shi nufinsa a ɗauko wadda ta fi kowace ƙara a wuce wurin. Sallau ya zauna ya yi tunani. Ta ina zai san abin da kunnen Iya zai ɗauka, alhali kunnen yana gida? Ya leƙa ɗakinta ya ɗaga murya: "Iya, ɗauko mayafi, za mu birni!" Laure ta tare ƙofa ta ce tsohuwar da ko gidan biki ta daina zuwa ba za a ja ta cikin kasuwa ba. Iya ta ce, "Yayanka ne ya ce?" Ya ce, "Shi ne." Ta ce, "To mu je."

Ya naɗe tabarmarta, ya sa ɗan filas ɗin da aka ajiye bidiyon biki a ciki a hularsa, ya ɗauki shatar Keke Napep tun daga ƙauye. A shago Iya ta ƙi hawa kujera, ta zauna kan tabarma yadda ta saba. Mansiru ya ce ita sipika daidai kunnen mai sauraro ake ajiye ta. Ai kuwa Sallau ya sa shi ya sauko da su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗorawa kan kwali a gaban Iya. Ya hana a sa fim, ya ce bidiyon biki kawai.

Aka kunna babbar nan mai gurnani. Iya ta dafe ƙirji ta ce, "Ina jin ganga a cikina, ba na jin mutum." Aka sa ta biyu, ta girgiza kai. Ta uku ma haka. Idon Sallau ya ciko, amma ya ce, "Saura waccan." Wata 'yar siririya ce a can ƙarshen kanta, ba akwati, ba 'yan baya. Mansiru ya ce, "Wannan ba ta girgiza ɗaki, aikinta fito da magana kawai."

Ana cikin jonawa Ɗalhatu ya kira. Da ya ji inda suke sai ya hau sama: "Iya ka kai kasuwa? Sallau, kana da hankali kuwa?" Sallau ya bar wayar a buɗe a hannunsa.

Muryar Malam ta fito tar, yana yi wa baƙi godiya. Iya ta daina motsi. Da Malam ya gama sai ya juya gefe, ya sassauta murya, ya yi wata 'yar magana da su Sallau suka sha ji ba su taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

"Dudu, tun safe kike hidima. Kin ci abinci kuwa?"

Iya ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai kamar amarya.

"Na ci, Malam," in ji ta.

A waya faɗa ya tsaya, sai jan hanci ake ji daga Fatakwal. Iya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Sallau, maido shi baya."

Ba ta ce sau nawa ba. Har Mansiru ya fara rufe shago, Sallau yana durƙushe yana maidowa.