Injiniya Na-Sani da Gilashin da Ba A Taɓawa

Duk unguwar da Allah ya so da rahama, yakan ba ta mutum ɗaya irin Injiniya Na-Sani. Ɗaya kawai, don biyu sun yi wa kowace unguwa yawa. Mutum ne mai cika ido, mai tumbi daidai misali, mai tafiya kamar ƙasa ta ci bashinsa. A aljihun gaban rigarsa akwai alƙalami ja, alƙalami baƙi, da abin gwada wuta, kuma a cikin ukun nan ba a taɓa ganin ya zaro ko ɗaya ba. A falonsa, saman talabijin, farar hular kwano ce zaune, ana goge mata ƙura kowace safiya.

Maƙiya, waɗanda babu babban mutumin da ya rasa su, suna cewa wai duk shekarun da ya yi a ma'aikatar ayyuka a sito ya yi su, yana miƙa wa masu gyara ƙwan fitila da waya ta taga. Hassada ce kawai. Ai wanda ya daɗe yana miƙa guduma ya san nauyinta fiye da mai bugawa. Sunan Na-Sani kuwa shi ya jawo wa kansa da bakinsa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Injiniya, ka ji an ce..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Har uwargidansa ya hana ta kiransa Baban yara. A cewarsa, yara kowa na haifa, amma ba kowa ne injiniya ba.

Abu ɗaya ne ke cin ransa, kuma ba ya faɗa wa kowa. Tun da aka sallame shi daga aiki, zaman ƙofar gida ya ishe shi. Da can ana tsayawa a gaishe shi, yanzu sai a ɗaga masa hannu daga kan babur a wuce. Tsoro yake ji kada a manta da shi tun yana da rai. Saboda haka da wani sabon otal ya nemi babban mai kula da gyare-gyare, ya sa hular kwano ya je, ya cika wa manaja kunne da sunayen injuna har manajan ya rasa abin tambaya. Mutum biyu suka rage a layi: shi, da maƙwabcinsa na bayan katanga, wani tsohon ma'aikaci marar hayaniya mai yawo da tsohuwar waya mai madannai ɗaure da roba. Injiniya na kiransa Mutumin Da. Manaja ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai kira da kansa, Injiniya ne na farko, amma shi ba ya son ma'aikacin da ake nema a rasa. In ya kira bai samu ba, zai wuce gaba.

To, ana cikin wannan jira ne wayar Injiniya ta zame daga cinyarsa ta daki siminti. Tsagewa ce 'yar siririya a kusurwa, kamar zaren gizo-gizo. Waya na kira, tana amsawa, komai lafiya lau. Uwargida ta ce a bar ta haka har Alhamis ta wuce, in ya so a kai wa masu gyara a kasuwa.

"Masu gyara?" in ji Injiniya, yana dubanta ta saman tabarau. "Ni zan ɗauki wayata in kai wa mutumin da ke zaune ƙarƙashin lema? Kuma so kike babban mai kula da gyare-gyare ya shiga ofis ranar farko da fasasshen gilashi a hannu? Me ma'aikata za su ce? Ke ba ki san shugabanci ba. Shugabanci daga aljihu yake farawa."

Ya je kasuwa da kansa ya sayo sabon gilashi, da 'yan kayan kwance waya a leda. Mai shagon ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, in za ka ɗaura, ka kula da..." Injiniya ya ce, "Na sani." Ranar Alhamis da hantsi aka share teburin cin abinci, aka shimfiɗa farin tawul, aka sauko da hular kwano aka ɗora a ka, ko da wani abu zai faɗo daga sama.

Don a yi masa adalci, ya nemi ilimi. Ya buɗe bidiyon koyar da gyaran a cikin wayar da zai gyara, ya kalli yadda ake ɗumama gefe, a ɗaga tsohon gilashi, a kwance kusoshi. Da aka zo rabin da ke nuna yadda ake mayar da komai, sai ya kashe. Ya ce wanda ya san hanyar zuwa ya san ta dawowa. Uwargida ta ce ga tata wayar, ya cire layinsa ya sa a ciki kafin ya gama, kuma ya ƙarasa kallon a nan. Ya dubi rigar wayarta mai furanni ruwan hoda, ya ce kiran manaja ba zai sauka a lambun fure ba.

Aiki ya kankama. Mai bidiyo ya yi amfani da wata na'ura mai hura zafi, Injiniya ya ɗauko dutsen guga, don zafi dai zafi ne. Warin roba ya cika falo, ya ce alamar gam ya saki ke nan. Ya nemi abin zura wa a tsakani, sai ya zaro tsohon katin shaidarsa na ma'aikata, ya juya gefen da aka rubuta "mai kula da sito" ya kalli ƙasa, ya dinga tura shi da ƙarfi. Gilashin da ke da tsaga ɗaya ya tashi ɓalli-ɓalli. Bai damu ba, ai dama fita zai yi. A ƙarƙashi ya tarar da wasu siraran wayoyi masu faɗi kamar zirin leda, ya ciccire su yana yi wa kujeru bayani, don uwargida ta riga ta koma kicin.

"Kun gani," ya ce wa kujerun, "duk wannan tsoratarwa ce ta kamfani. Waya ba komai ba ce face rediyo da ta yi makaranta."

Kusoshin kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar yashi. Ya tara su a faranti, fanka ta juyo, suka watse. An ga babban injiniya durƙushe a ƙarƙashin tebur, hular kwano na dukan katako, yana lalube da tafin hannu. Waɗanda ya samu ya samu. Da ya zo mayarwa, sai ya tuna rabin bidiyon nan da bai kalla ba, ga shi kuma malamin nasa na kwance a kan tawul, hanji a waje. Wayar mai furanni tana nan kan kujera, taku biyu tsakaninsu. Ya dube ta, ya dubi ƙofar kicin, ya kawar da kai. Ya maƙala abin da ya maƙalu, wani ziri guda ya ƙi shiga mazauninsa, sai ya lanƙwasa shi ya kwantar, ya ce dama na ado ne. Da sabon gilashi ya ƙi zama daram, ya ɗauko gam mai kama ƙarfe ya zagaye gefen wayar kaf, bai bar ko ƙofar allura ba.

Ya danna maɓallin gefe. Waya ta yi haske! Gilashi fes, hotonsa da hular kwano ya bayyana yana murmushi. Injiniya ya miƙe tsaye ya ƙwala wa uwargida kira.

"Zo ki ga aikin ilimi. A'a, a'a, kada ki taɓa! Hannunki da mai. Babu yatsan da zai hau gilashin nan sai nawa, kuma sai manaja ya kira. Shi ne zai buɗe shi."

Ya jingine ta da kwalbar ruwa a tsakiyar tebur. Ya yi wanka, ya sa manyan kaya, ya fesa turare, kamar manaja zai shaƙa ta waya. Ya zauna yana gwada muryar da zai amsa da ita, ba ta zumuɗi ba, ta mutumin da ake roƙo.

Bayan la'asar kaɗan wayar ta ɗauki ƙara. Ga sunan manaja ɓaro-ɓaro. Injiniya ya bari ta ɗan yi ruri, don kada a ce jira yake. Sannan ya miƙa yatsa a hankali ya ja koren alamar. Ba ta motsa ba. Ya sake ja. Ya danna. Ya lasa yatsan ya goga. Ya gwada babban yatsa, ya gwada gwiwar hannu, har da hanci. Waya na ta kuka, gilashi na ta ƙyalli, shi kuwa kamar yana shafa bango. Kiran ya yanke, ya sake shigowa.

"Allura! Kawo allura da wayarki!" ya yi ihu, muryar babban mutum ta gudu ta bar shi.

Uwargida ta kawo a guje. Ya nemi 'yar ƙofar da ake tura allura a fito da layi, ya tarar gam ya shafe ta sumul, aikin hannunsa ne, kuma ya yi kyau. Lambar manaja ba ta ko'ina sai cikin wayar, don ya sha faɗa cewa rubuta lamba a takarda aikin mutanen da ne. Ya tsaya gumi na bin wuyan rigarsa, yana kallon sunan yana haske har ya mutu. Falo ya yi tsit.

A cikin shirun nan ne wata ƙaramar ƙara mai kama da kukan gyare ta tashi daga bayan katanga. Aka ji ƙit, sannan muryar Mutumin Da, tar da ita: "Na'am, ranka ya daɗe. Ni ne. Gobe da safe? To, Allah ya kai mu. Na gode, na gode."

Injiniya ya zauna a hankali. Uwargida ta ɗauki wayar ta gefe-gefe yadda aka koya mata, ta jira hasken ya ɗauke, ta duba fuskarta a baƙin gilashin, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Garin gyaran gira dai an rasa ido," ta ce. "Amma madubin ya yi kyau, Baban yara. Ka san maƙwabcinmu ne ya samu aikin?"

Ya buɗe baki don ya ba da amsar da ya saba. A karon farko a rayuwarsa gaskiya ce, ya sani ɗin, amma kalmar ta ƙi fita.