Ranar da Na Aro Rimot ɗin Mai Girma

Jiya na wuni kan dakalin wani gida a cikin gari, rana na dukan ƙeyata. Ba aiki na je nema ba, ba kuma takin zamani ba. Rimot na je aro, wannan ɗan baƙin abin da ake sauya tashar talabijin da shi. Ga ni da furfura a gemu, har da surukai, amma haka na hau kabu-kabu daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Bukkuyum zuwa Anka, na je na tsuguna kamar mai neman aure.

Bari in faro muku daga tushe. Bara wani babba cikin manyanmu, Allah ya ƙara masa faɗin babbar riga, ya tuna da mu. Kada ku tambaye ni sunansa ko kujerarsa, manyanmu kamar ƙwan zabo suke, kamanninsu ɗaya. Ya haƙa mana fanfon burtsatse mai aiki da hasken rana, ya kuma kafa mana ƙatuwar talabijin a rumfar Nababa mai shayi. Mun yi murna ƙwarai, domin tun shekarun gubar dalma babu mai kai bakinsa ga tsohuwar rijiyarmu. Sai dai saboda tsabar tattali, fanfo da talabijin sola ɗaya aka haɗa musu. Idan talabijin na magana, fanfo ya yi shiru. Idan kana son fanfo ya yi magana, sai ka rufe bakin talabijin.

Da farko abin ya tafi daidai. Rana ta fanfo ce, ranar Lahadi kuma bayan la'asar mu kunna mu kalli fim ɗinmu mai dogon zango, Tungar Ƙishi. Labarin wani ƙauye ne da wani Alhaji Gobe-da-Safe ya yi wa alkawarin ruwa, da wata mai fura, Fatiha, da ta rantse ba za ta ƙyale shi ba sai ta ga ruwa a randarta. Ban taɓa ganin fim ya raba kan gari irin wannan ba. Nababa ya ce fim ɗin ya burge shi, amma hular Alhajin ta yi ƙanƙanta ga ɓarawo mai wannan girma. Yusufu, wani baƙo mai haƙar zinari, ya ce shi abin da ya ɓata masa rai shi ne yadda Alhajin ke sauka daga mota ya taka taɓo da ƙafarsa, wai su masu shirya fim sun raina hankalin talaka. Inna Habsu maƙwabciyata kuwa, tsohuwar da ke riƙon jikoki marayu, ita wuyan Fatiha kawai take kallo.

"Tulun ga babu ruwa ciki," haka take cewa duk mako. "Diba wuyanta. Wadda ta ɗauko ruwa daga gulbi ba ta waiwaye awa zabuwa."

Ana nan sai aka naɗa Kamilu, yaron da muka sani yana tallar rake, Mai Girma Mataimaki na Musamman kan Harkokin Rimot. Ya zo da mai walda, ya mayar da talabijin wata tasha da ba ta da aiki sai nuna babban namu, Mai Girma da kansa, yana yanka ƙyalle, ya sa aka yi mata kejin ƙarfe har maɓallin kashewa ya shige ciki, ya jefa rimot a aljihu ya tafi. Ɗan makullin kejin yana hannun wani mataimakin daban, shi kuma sun ɓata da maigidan ya koma wani ɓangaren siyasa da makullinsa. Tun daga ranar talabijin ke tashi tare da rana ta kwanta tare da ita. Mun ga Mai Girma ya buɗe fanfonmu ya fi a ƙirga, ruwa na ɓulɓula a cikin gilashin talabijin, na gasken kuma yana tsaye a gefe ƙadangaru na shan inuwarsa.

Mu maza muka ce mun rasa fim. Inna Habsu kuwa ta ɗauki jarkarta ta koma hanyar gulbi da gwiwoyinta masu ciwo. Kullum nakan gan ta tana dawowa tana tsayawa gindin kowace bishiya, raina ya ɓaci, in kawar da kai don kunya. Fim kuwa muka koma bin sa a waya, Badaru ɗan kabu-kabu na turo mana shi bayan ya kwana biyu, mu taru kan ɗan gilashi kamar ƙudaje kan mangwaro.

To jiya Lahadi ce, kuma ranar kashi na ƙarshe. Duk ƙasar nan za ta san ko Fatiha ta samu ruwa, mu sai mun ji a bakin mutanen Gummi. Majalisar Nababa ta ce ba ta yarda ba, aka ce ni ne mai bakin iya magana da manya, in je in aro rimot.

Sai da aka yi azahar Mai Girma Mataimaki ya fito yana sakace.

"Baba, mi ka tahe da kai?"

"Ranka shi daɗe, koke muka da shi. Na bayan rumfa ba su jin jawabin Mai Girma sosai. Muna son a ba mu aron rimot mu ƙara murya."

Ya dube ni, fuskarsa ta washe. Ya ce tun da aka naɗa shi bai ji koke mai ma'ana irin wannan ba. Ya shiga ciki ya fito da rimot naɗe cikin hankici, ya ce da magariba zai zo da kansa ya karɓa, in kuma ya samu ko ƙwarzane, sunana zai kai sama. Na ce Allah ya ƙara girma. Dabara ta rage wa mai shiga rijiya.

Na iso ana sallame la'asar. Rumfa ta cika maƙil, maza a gaba, mata can gefe kan tabarmi, masu haƙar zinari da ƙasarsu a jiki. Na warware hankici, na danna, Mai Girma ya ɓace yana tsakiyar ɗaga almakashi, waƙar Tungar Ƙishi ta tashi. Wallahi har ƙwalla na ji. Nababa na cewa yau za a kama Alhaji, Yusufu na cewa in aka kama shi to fim ɗin ya tashi daga fim ya koma tatsuniya.

Sai ga Inna Habsu ta ratso taro da jarka a hannu, babu komai ciki. Ta tsaya gabana ta miƙo hannu.

"Ɗan nan, ba ni abin ga in gani."

Wa zai hana tsohuwa? Na ba ta. Ta juya shi, ta kai shi kusa da ido.

"Wane na ka kashe ta?"

"Jan nan na sama, Inna. Amma yau na ƙarshe hwa. Ke da ba ki taɓa barin ko guda shi wuce ki ba."

"Na sani. Ina son in ga ɗiyar nan ta samu ruwanta, Allah na gani. Amma rana ta kusa faɗuwa, abin ga kuma da magariba za shi koma gidansu. Ita Fatiha tulunta babu komi ciki. Tawa jarka nauyi gare ta."

Aka fara hayaniya. Wani ya ce a bari a ga rabi, wani ya ce a kashe in an shiga talla. Nababa ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya faɗa kan ƙafafun tsohuwar da suka kumbura, sai ya koma kan shayinsa. Inna ta danna ja.

Talabijin ta mutu. Can sai muka ji injin fanfo ya yi tari, ya fara gurnani. Babu wanda ya tashi. Mutane suka juya bencuna, suka fuskanci fanfo, muka zauna muna kallon bakin ƙarfe kamar yadda muka saba kallon gilashi. An ɗan jima yana hura iska, sannan ya tofo jan ruwa, sannan fari ya biyo. Mata suka watse ɗauko bokitai. Nababa ya ce labarin ya yi jan ƙafa a farko amma ƙarshen ya yi ma'ana. Yusufu ya tara hannu ya sha, ya ce wannan ne fim na farko da bai kama shi da ƙarya ba. Inna ta cika jarkarta, ta kai gida, ta dawo ta sake cikawa, ba ta tsaya gindin bishiya ko ɗaya ba.

Da magariba Mai Girma Mataimaki ya iso, ya tarar da talabijin a mace tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Ya karɓi rimot ya danna, shiru. Ya buga shi a tafin hannu, shiru. Ya buɗe bayansa, wayam, babu batir. Ya dubi jama'a, jama'a suka dubi sama. Ni dai na lura tocilar Inna Habsu, wadda ta daɗe da mutuwa, tana haska mata hanyar gida, amma ido ba mudu ba ne, kuma ba a tambaye ni ba.

Cikin ladabi na tuna masa cewa bai dace a cusa wa kayan Mai Girma batirin kasuwa irin na talakawa ba. Ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan. Ya yi alkawarin za a kafa kwamiti ya duba irin batirin da ya dace, a kai rahoto sama, a jira amincewa. Muka ce Allah ya ba kwamiti tsawon rai, ya kuma ba shi natsuwa, kada ya yi gaggawa.

Yau da safe Badaru ya dawo daga Gummi da labarin yadda fim ya ƙare. Wai Fatiha ba ta samu ruwan ba, Alhaji Gobe-da-Safe ya ce sai a zango na biyu. Na kai wa Inna labari tana wanke wa jikokinta kaya a bakin fanfo. Ta girgiza kai cikin tausayi, ta ce in akwai mai zuwa wajen masu fim ɗin, a gaya wa yarinyar ta daina bin Alhaji, ta nemi inda aka aje rimot.