Ud Ɗin da Mu'allim Shahata Ya Ƙera

A duk garin Dumyat, can arewa da Alƙahira, inda kowane gida da kafintansa, kowane lungu da warin gam, ba a taɓa yin mutum kamar babban kafinta Mu'allim Shahata ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Allah ya ba shi abu biyu da ya hana sauran bayinsa: ƙiba ta buhu uku, da gashin baki wanda in ya juya kai sai na kusa ya kauce. Kullum da safe yakan shafa masa mai, ya murɗe shi sama kamar ƙahon bauna, sannan ya gaisa da matarsa in lokaci ya rage.

Shekara arba'in ya yi yana ƙera wa amare gadaje da kujeru masu ruwan zinare da ƙafafun zaki. Aƙidarsa ɗaya ce, wurin ubansa ya gaje ta: kujerar da ta yi ƙara ta zagi wanda ya ƙera ta. Saboda haka babu abin da ke fita daga shagonsa sai ya hau kansa da takalmi, ya yi tsalle, ya kasa kunne. In ya ji shiru, a kai wa amarya. In ya ji motsi, a ƙara ƙusa. Mutanen unguwa suna kiransa Fir'aunan Katako, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya so a rubuta masa a allon shago.

Da 'ya'yansa suka karɓi shagon suka ce ya huta, sai ya kwashi hikimarsa ya koma da ita gidan shayin bakin kogi, yana raba ta kyauta ga wanda ya nema da wanda bai nema ba. A nan tsiyar ta same shi.

Wata la'asar Hajji Mitwalli mai cukwi, abokin gabarsa tun suna yara, ya shigo rungume da ud, molon nan mai tumbi kamar rabin kankana, wanda ya sayo a Alƙahira don ya rage wa tsufa zafi. Ya ɗan taɓa tsirkiya, gidan shayi ya yi tsit. Mu'allim Shahata bai saba a yi tsit don wani ba. Ya miƙa hannu ya ɗaga abin da yatsa biyu.

"Wannan ne? Kaza ta fi shi nauyi. Ya Hajji, an cuce ka. Dubi fuskarsa, ko mai ba a shafa mata ba. Katako tsirara kamar jaririn da aka haifa yanzu."

"Haka ake yinsa, ya Mu'allim," in ji Hajji Mitwalli. "Wannan aikin masu yi wa kunne hidima ne. Ku naku na mazaunai ne. Kowa da ɓangaren jikin da Allah ya ba shi."

Aka fashe da dariya. Mu'allim Shahata ya miƙe, wanda shi kaɗai aiki ne, ya kama gashin bakinsa da hannun dama.

"Ku shaida, jama'a. Hannun da ya kwantar da rabin amaren ƙasar nan ba zai gaza wa ƙwarya mai igiya ba. Kafin Babbar Sallah zan kawo ud na hannuna nan wurin, Ustaz Ramzi ya kaɗa shi, ku ji abin da kakanninku ba su ji ba. In na kasa, a aske wannan a gabanku."

A garinmu namiji ba ya rantsuwa da gashin baki ya janye. Usta Hilmi wanzami, wanda ya daɗe yana kallon gashin nan yadda kyanwa ke kallon kifi, ya ce ya shaida. Ya sake cewa ya shaida, ko da wani bai ji ba.

Fir'auna ya koma gida ya ƙwace falon matarsa, Ummu Nirmin. Ya ƙwace teburin cin abinci. Ya ƙwace tukunyar da take dafa agwagwa, don turara siraran katakai su lanƙwasu. Ya sayo littafi, ya karanta shi yana yi wa marubucin gyara da ƙarfi. Duk da haka a ud ɗin farko ya bi ƙa'ida, domin yana so ya nuna ƙa'idar ba komai ba ce. Ya jera katakan bayan kamar haƙarƙari, ya fere fuskar har haske na ratsa ta, ya huda mata zagaye, ya ɗaura tsirkiya.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau. Ummu Nirmin ta zo wucewa da tiren shayi, hannun rigarta ya gogi tsirkiyar, sai wata murya ta cika falon, mai zurfi, mai daɗewa kafin ta mutu. Matar ta tsaya cik. Ta tuna rediyon gidan ubanta.

Mu'allim ya haɗe gira. "Kin ji? Ba a ma taɓa shi ba ya fara ƙara."

Ya ajiye shi a ƙasa, ya yi bismillah, ya hau. Abin ya ce rugum, kamar an taka kwandon ƙwai.

"Alhamdu lillahi da na gwada," ya ce yana zare ƙafarsa daga ciki. "Da a gaban mutane zai kunyata ni."

"Abu Nirmin, don Allah wa zai hau kansa?"

"Ke dai ba ki san duniya ba. Baƙo na iya zuwa."

Na biyu ya ƙara masa kauri. Ya hau, ud ya ɗauke shi. Ya yi tsalle, ya tsage. Mu'allim ya gane cewa duk maƙeran ud na duniya, daga Bagadaza zuwa Sham, macuta ne masu rowar katako, kuma Allah ya tashe shi ne don ya gyara ɓarnar shekara dubu. Ya jefa littafin bayan kabad.

Na ukun ne ya yi irin na gida. Ya sa katakon nan mai tauri da ake kira zan, wanda ake ƙofar masallaci da shi. Fuskar ta yi kaurin tafin hannu. Ya gicciya mata ƙarafa ta ciki, ya bi ta da ƙusa sahu-sahu. Ya shafa man sheƙi, shafi kan shafi, har Ummu Nirmin ta fara gyara ɗankwali a jikinsa. Ya ƙwanƙwasa tumbin, ya ji sauran amsawa, ya cusa masa audugar katifa har ya yi shiru. Ramin fuskar kuwa, ƙofa ce ta ƙura da ɓera, don haka ya rufe shi da jan karammiski. Da ya ga abin ba ya tsayuwa da kansa, sai birgima kamar mashayi, ya ji kunya a madadin dukan Larabawa, ya kafa masa ƙafafun zaki guda huɗu masu ruwan zinare.

Ya hau. Ya yi tsalle. Tayil ɗin falo ya tsage, maƙwabcin ƙasa ya yi salati, ud bai ce uffan ba. Mu'allim ya share hawaye.

Ranar alkawari ƙarti biyu suka ɗauko shi, suna hutawa a hanya. Gidan shayi ya cika har bakin titi. Usta Hilmi ya zo da 'yar jakarsa, wai hanya ce ta biyo da shi. Ustaz Ramzi, tsohon malamin kiɗa na makarantar 'yan mata, siriri kamar tsinken sakace, yana zaune yana zufa. Jiya ya ci agwagwa cushe da albasa, dafaffiya a tukunyar aro, a gidan Mu'allim, kuma ya san abin da agwagwa take nufi.

Mu'allim ya yi jawabi. "Abin da ke gabanku, jama'a, ba molo ba ne, gado ne. Jikoki za su gada, su yi faɗa a kansa a kotu. Gobara za ta ci gida ta bar shi. Ud na Alƙahira yana tsoron rana, yana tsoron sanyi, yana tsoron gwiwar yaro. Wannan, mota ce ke tsoronsa."

Aka ɗora wa Ustaz Ramzi a cinya. Idanunsa suka firfito. Ya zagaya hannu ta tsakanin ƙafafun zaki, ya lalubo tsirkiya, ya kaɗa. Aka ji tuf, kamar matashi ya faɗo daga gado. Ya sake kaɗawa da ƙarfi. Aka ji wani yana motsa sukari a tebur na can baya.

"Yaya ka ji shi, ya Ustaz?" in ji Mu'allim.

"Murya ce... mai kunya, ya Mu'allim. Mai tarbiyya."

"Kun ji daga bakin masani. Wannan kiɗan manya ne, ba kowane kunne yake shiga ba. Ku duba, har ya sa shi hawaye."

"Ƙafafuna ne," in ji Ustaz Ramzi a hankali. "Don girman Allah a ɗauke mini shi."

Hajji Mitwalli kuwa dariya ta hana shi numfashi. Ya dai nuna Usta Hilmi da yatsa. Aska kuwa tuni ta fito, kumfa ta tashi, ba wanda ya ga lokacin da aka kaɗa ta.

Fir'auna ya tsaya kan maganarsa, wannan kam a ba shi. Ya zauna a kujerar gidan shayi, ta yi ƙara ta karkace. Ya koma wata, ita ma ta koka.

"Ba a aske ni a kan kujerar da take zagin mai ita," ya ce.

"Ni ma ba na sa aska a fuskar da take rawa, ya Basha," in ji wanzami. "Hanci ɗaya gare ka."

Aka duba ko'ina. A duk gidan shayin abu ɗaya ne mai ƙafa huɗu da zai iya ɗaukarsa. Aka jawo shi tsakiya. Mu'allim Shahata ya zauna daram a kan karammiski, aka ɗaura masa tawul. Aska ta bi dama, ƙaho ɗaya ya faɗi ƙasa. Jama'a suka yi tsit, a karo na farko dominsa.

Sai ya ɗaga yatsa, wanzami ya dakata. Da rabin gashin baki da kumfa har kunne, ya ɗan tashi ya koma da dukan nauyinsa. Ya sake. Ya kasa kunne.

"Kun ji wani abu?"

"Wallahi ba mu ji komai ba, ya Mu'allim."

"To," ya ce, yana duban Hajji Mitwalli sama da ƙasa. "Aikin Dumyat ke nan. Ci gaba, Usta."

Da ya koma gida Ummu Nirmin ta buɗe ƙofa, ta daɗe tana kallonsa, ta ce ashe duk surutun nan daga wannan ɗan bakin yake fitowa. Sannan ta karɓi tukunyarta.

Ud ɗin yana nan a gidan shayi, don ba a sami mai mayar da shi ba. A kansa Hajji Mitwalli yake zama in zai kaɗa nasa na Alƙahira, kuma ya amsa a gaban kowa cewa mazaunansa ba su taɓa samun hidima irin wannan ba.