Ranar da na jera wa Malam sunaye

Wai me ya kai ni taɓa ordinatar ɗin nan, wato kwamfuta, ni da ko alif ban sani ba? Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, shi ke tsara baƙin rediyo a Dogon Dutsi. Na sha ganin ya danna maɓalli guda, sunaye sun jeru. Rannan ya shiga wanka, na ce bari in rage masa aiki. Na danna, har da guɗa! Ashe sunaye kaɗai suka motsa, lambobin waya suna inda suke.

Ya kira mai goge: "Laraba ka zo da 'yan borinka." Liman ne ya ɗauka! Tun ranar unguwa ke kirana Injiniya.

Ranar da zai cika, ina kuka a gidan likita, na'urori kewaye da shi, ya buɗe ido ya ce, "Injiniya, don Allah kar ki danna komai."